FASHIN BAƘI: Kwana 30 ne kawai gare ka idan ba ka yarda da bashin da hukumar haraji ta ɗora maka ba

Da dama daga cikin 'yan kasuwar da hukumar haraji ta taɓa garƙame wa shago, ko ta sa banki ya riƙe masu kuɗi, ba a gaban alƙali suka yi rashin nasara ba. Tun ranar da takardar ƙiyasin haraji ta iso hannunsu suka jefa ta cikin durowa al'amarin ya fara kuɓuce masu. Dokar Najeriya ta bai wa duk wanda aka ƙiyasta wa haraji damar ya ce bai yarda ba, sai dai damar tana da wa'adi, kuma a rubuce kaɗai ake amfani da ita.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabbin dokokin haraji guda huɗu a ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda biyu daga cikinsu suka fara aiki tun a ranar, sauran biyun kuma aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da tanade-tanadensu. A ƙarƙashinsu ne hukumar NRS ta maye gurbin FIRS wajen karɓar harajin kamfanoni da na VAT. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane kuwa, irin su mai shago da tela da ɗan kwangila, yana nan a hannun hukumar jihar da mutum ke zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna.

Daga ina adadin yake fitowa?

A bisa tsari, mai biyan haraji ne ke fara bayyana abin da ya samu a shekara, ya lissafa abin da ya hau kansa, ya biya. Hukuma na aiko da nata ƙiyasin ne idan mutum bai shigar da bayanansa ba, ko idan ya shigar amma ba ta gamsu da su ba. A irin wannan hali doka ta ba ta ikon yanke adadi bisa abin da ta ga ya fi kusa da gaskiya. Haka kuma tana iya komawa baya har shekara shida ta ƙara wa mutum haraji idan ta gano an biya ƙasa da abin da ya kamata.

A nan ne kuskure ke yawan shigowa. A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, naira miliyan 60 ta ratsa asusunsa a shekara guda. A ciki akwai kuɗin sari da abokan ciniki suka turo, akwai bashin da ya karɓo daga ɗan uwansa, akwai kuma kuɗin da ya juya daga wani asusunsa zuwa wani. Jami'in da takardar banki kaɗai ya gani yana iya ɗaukar dukkan kuɗin a matsayin ciniki, ya yanka haraji a kai. Alhali a kan riba ake biyan harajin kuɗin shiga, bayan an fitar da uwar kuɗi da hayar shago da albashin yaran shago da kuɗin dako. Mai shagon ne kaɗai ke da takardun da za su rarrabe waɗannan kuɗaɗe, idan kuwa bai kawo su ba, ƙiyasin jami'in ne zai tsaya.

Yadda ake rubuta ƙin amincewa

Wa'adin kwana 30 ne, kuma yana fara ƙirguwa daga ranar da aka isar da takardar ga mai ita. Saboda haka abu na farko shi ne a rubuta ranar da ta iso, a adana ambulan ko saƙon imel ɗin da ya kawo ta. Zuwa ofis a yi magana da baki, ko a tura wani babba ya sa baki, ba ya dakatar da ƙirgen kwanakin.

Sabuwar dokar gudanar da haraji ta fayyace abin da takardar ƙin amincewa za ta ƙunsa. Dole ta faɗi ainihin wuraren da ake jayayya a kansu da yawan kuɗin kowanne, ta faɗi gyaran da ake so a yi da hujjar neman sa, sannan ta bayyana riba ko kuɗin shigar da mutum ya amince ya samu, da harajin da ya yarda ya hau kansa, ko ta ce babu ko kwabo. Takardar da kawai ta ce “kuɗin ya yi yawa, kasuwa ba ta tafiya” ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Sai a haɗa da kwafin rasitai, da takardun banki, da yarjejeniyar haya, da shaidar duk harajin da aka riga aka cire wa mutum tun daga tushe. A miƙa kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata, a dawo da shi gida. Ɓangaren da ba a jayayya a kansa kuwa, gara a biya shi cikin lokaci, domin harajin da aka jinkirta yana jawo tarar kashi 10 cikin 100, ga kuma kuɗin ruwa.

Hukumar ma tana da nata wa'adin. Sabuwar dokar ta ba ta kwana 90 ta amsa, idan ba ta amsa ba za a ɗauka cewa ƙorafin mai biyan haraji ya tabbata. Wannan ne ya sa hatimin karɓa ke da daraja ƙwarai, domin da shi ake ƙirga kwanakin. Idan an zauna an daidaita, hukuma za ta fitar da sabon ƙiyasi. Idan ba a daidaita ba, za ta rubuto cewa ta ƙi yin gyara.

Mataki na gaba

Daga ranar da takardar ƙin gyara ta iso, akwai wasu kwana 30 na shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. An kafa ta ne a ƙarƙashin dokar FIRS ta 2007, sabbin dokokin kuma sun ci gaba da ita. Tana zama a Kaduna da Bauchi da Jos da Abuja, haka kuma a Legas da Ibadan da Benin da Enugu. Mutum na iya tsayawa da kansa, ko ya wakilta lauya ko akanta. Abin lura shi ne, nauyin tabbatar da cewa ƙiyasin ya wuce kima yana wuyan mai ƙara ne. Wanda hukuncinta bai gamsar ba yana iya wucewa Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30, amma a kan batun fassarar doka kaɗai.

An daɗe ana taƙaddama kan kuɗin ajiya kafin a saurari ƙara. Ƙa'idojin kotun na 2021 sun wajabta ajiye rabin kuɗin da ake jayayya a kai, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke wannan sharaɗi a watan Nuwamba na 2023, bisa hujjar cewa ya saɓa wa 'yancin a saurari mutum.

Rikicin kamfanin MultiChoice, mai DStv, ya nuna irin tazarar da kan iya kasancewa tsakanin ƙiyasin farko da abin da aka ƙare a kai. A 2021 FIRS ta ce tana bin sa kimanin naira tiriliyan 1.8. Kamfanin ya ƙi amincewa, ya tafi kotun haraji, kuma a farkon 2024 aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 37.

Sabbin dokokin sun kuma samar da ofishin mai sauraren koke-koken masu biyan haraji, inda ake kai ƙorafin cin zarafi ko jan ƙafa daga jami'ai. Sai dai ba shi da hurumin yanke yawan harajin da ya hau kan mutum, don haka kai kuka can ba ya maye gurbin takardar ƙin amincewa.

Abin da shiru ke jawowa

Idan kwana 30 suka cika ba a rubuta komai ba, ƙiyasin ya zama tabbatacce a idon doka, ko da a kan kuskure aka gina shi. Daga nan hukuma na da hanyoyin karɓar kuɗinta: tana iya umartar banki ko wani da mutum ke bi bashi ya biya ta daga kuɗinsa, tana iya ƙwace kaya a sayar, tana iya kai ƙara. Kotun haraji na da ikon karɓar ƙarar da ta makara idan an kawo ƙwaƙƙwaran dalili, amma wannan rangwame ne da ke hannunta, ba haƙƙin mai ƙara ba ne.

Wanda ke riƙe da littafin ciniki, ya ware asusun kasuwanci daga na hidimar gida, kuma yake adana rasitansa na shekara shida, zai iya haɗa takardar ƙin amincewa cikin 'yan kwanaki. Wanda ba shi da su kuwa, kwana 30 ba za su ishe shi nemo hujja ba.