Yadda Taron 'Yan Sikawut Ya Koma Yawon Buɗe Ido a Birnin Seul

Jama'a da yawa sun saba ganin 'yan sikawut a filin idi da wajen hawan salla. Su ne yaran nan masu kaki da ɗan ƙyalle a wuya, suna gyara layi, suna taimakon tsofaffi, suna neman iyayen yaron da ya ɓata. Amma ba kowa ya san cewa ƙungiyarsu ta game duniya ba. A shekarar 2023 wani abu ya faru da dubban waɗannan yara a ƙasar Koriya ta Kudu. Sun je zaman sansani a daji, sai tafiyar ta ƙare da yawon ganin gari a babban birnin ƙasar, watau Seul. Labarin yana da darasi ga iyaye da malamai da duk mai jagorar yara zuwa wani wuri.

Asalin ƙungiyar

Wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ne ya kafa ƙungiyar sikawut. A shekarar 1907 ya kwashi yara maza 20 ya kai su wani tsibiri da ake kira Brownsea. Can ya koya musu kafa tanti, da dafa abinci, da bin sawu, da taimakon wanda ya ji rauni. Daga nan abin ya bazu. Ya iso Nijeriya a shekarar 1915. Taken ƙungiyar shi ne mutum ya zauna cikin shiri kullum.

Kusan duk bayan shekara 4 'yan sikawut na duniya sukan haɗu a ƙasa ɗaya. Sunan wannan taro Jambori. An yi na farko a birnin Landan a 1920. Na 25 shi ne aka yi a Koriya ta Kudu, aka shirya shi daga ran 1 zuwa ran 12 ga watan Agusta na 2023. Mutane wajen 43,000 suka zo daga ƙasashe fiye da 150. Yawancinsu yara ne maza da mata 'yan shekara 14 zuwa 17.

Filin da ba inuwa

Wurin da aka zaɓa sunansa Semangum, a bakin teku, yamma da ƙasar. Tsakaninsa da Seul kamar kilomita 180 ne. A da can ruwan teku ne yake malalowa a wurin. Sai gwamnati ta gina wata doguwar ganuwa mai tsawon kilomita 33 ta tare ruwan, aka cike wurin da ƙasa. Saboda haka fili ne fetal, babu manyan itatuwan da za a fake a ƙarƙashinsu.

Kafin yaran su iso an yi ruwan sama mai yawa. Ruwa ya kwanta a wurare da dama, ga taɓo, ga sauro da sauran ƙwari masu cizo. Da aka buɗe taro kuma sai rana ta buɗe da zafi. Awon zafi ya kai wajen digiri 35. Tun a kwanakin farko ɗaruruwan yara suka kwanta, wasu da jiri, wasu da ciwon kai, wasu da amai.

Mutumin Sakkwato ko Maraɗi zai iya cewa, to mene ne digiri 35? Ai a bazara akan wuce 40. Gaskiya ne, amma zafi iri biyu ne. Idan iska a bushe take, zufa tana fitowa ta bushe, jiki ya yi sanyi. Haka randa take sanyaya ruwa. Idan kuwa iska cike take da laima, kamar yadda take a bakin teku, zufa ba ta bushewa. Sai zafi ya taru a cikin jiki. Irin gumin nan ne da ake ji in hadari ya haɗu bai zubar ba. Ga shi kuma da yawa daga cikin yaran daga ƙasashen sanyi suka fito, jikinsu bai saba ba.

Ba zafi kaɗai ya dami mutane ba. Shugabannin yara sun yi kukan cewa ba a wanke bandakuna yadda ya kamata. Shara ta taru. Abinci bai wadatar da masu buƙata ta musamman ba. Asibitin sansanin kuma ya cika. Gwamnatin Koriya ta aiko da ƙarin likitoci da masu shara da motocin ruwa da manyan motoci masu na'urar sanyi. Amma an riga an makara.

Ƙaura zuwa birni

Ayarin Birtaniya shi ne mafi girma, mutum wajen 4,500. Shugabanninsu suka zauna suka duba al'amarin, suka ga lafiyar yara ta fi komai. Ran 5 ga Agusta suka fara kwashe yaransu zuwa masaukai a birnin Seul. Wannan shawara ba ta zo da sauƙi ba. Kowane yaro ya tara wajen fam 3,500 kafin ya zo, wasu sun fi shekara suna 'yan aikace-aikace da neman gudummawa. Ita kanta ƙungiyar ta Birtaniya ta kashe fiye da fam miliyan 1 daga ajiyarta wajen wannan ƙaura. Ayarin Amurka da na Singafo su ma suka bar sansanin.

Sauran ƙasashe suka ce za su daure. Sai ga labari daga masu duba yanayi cewa wata babbar guguwar teku mai suna Khanun ta doso ƙasar. Tanti kuwa ba ya tsayawa gaban irin wannan iska. Ran 8 ga Agusta aka kawo manyan motoci fiye da 1,000, aka kwashe kowa da kowa. Aka rarraba su a ɗakunan kwanan jami'o'i da wuraren horon ma'aikata, a Seul da wasu jihohi. Guguwar ta sauka a kudancin ƙasar ran 10 ga wata. A lokacin babu yaro ko ɗaya a filin.

Abin da suka gani a Seul

Hukumomin birni ba su bar baƙi zaune a ɗaki ba. Suka shirya musu motocin zagaya gari da masu yi musu bayani. Gani ya kori ji.

Seul tsohon gari ne. Tun shekarar 1394 sarakunan ƙasar suka mai da shi mazauninsu. Yanzu mutanen cikinsa sun fi miliyan 9. Wani babban kogi mai suna Han ya raba shi biyu, an yi masa gadoji da yawa. A tsakiyar gari akwai dutsen Namsan, da doguwar hasumiya a kansa. Wanda ya hau yana iya hango birnin ta kowace kusurwa. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai jiragen ƙasa masu ɗaukar mutane daga unguwa zuwa unguwa. An fara su tun 1974.

Wurin da baƙi suka fi zuwa shi ne tsohuwar fadar sarki mai suna Gyeongbok, wadda aka gina a 1395. A ƙofarta dogarai sukan yi faretin canjin aiki cikin tufafin gargajiya masu launi, da ganguna da tutoci. A bayan fadar akwai gida mai shuɗin rufi inda shugabannin ƙasa suka riƙa zama. A 2022 aka buɗe shi domin kowa ya shiga ya gani, 'yan sikawut ma sun shiga.

A dandalin da ke gaban fadar akwai mutum-mutumin wani sarki mai suna Sejong. A zamaninsa da haruffan Sin ake rubutu. Haruffan suna da dubbai, sai masu hali da 'ya'yan manya ke iya koyonsu. Sarkin ya ga talakawa ba su iya rubuta ko da takardar koke. Sai ya sa aka ƙirƙiro sababbin haruffa masu sauƙi, aka bayyana su ga jama'a a 1446. Sunansu Hangul. Yau guda 24 ake amfani da su, kuma kusan kowane baligi a ƙasar ya iya karatu. Hukumar UNESCO tana ba da kyautar yaƙi da jahilci da sunan wannan sarki, wadda aka kafa a 1989.

Yaran sun kuma koyi tarihin yaƙi. Daga 1950 zuwa 1953 an gwabza tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu, aka ragargaza Seul. Har yanzu ƙasar a rabe take, iyakar kuma ba ta da nisa da birnin, kamar kilomita 50 ce. Yawancin manyan gine-ginen da suka cika garin bayan yaƙin aka yi su.

Abincin mutanen shinkafa ce da miya da kifi. Kusan kowane ci akan haɗa da kimci, watau kabeji da aka jiƙa da gishiri da barkono har ya yi tsami. Da 'yan sanduna biyu da cokali suke ci. Musulmi ba su da yawa a ƙasar, amma akwai babban masallaci a unguwar Itaewon, an buɗe shi a 1976.

Ran 11 ga Agusta aka sake tara yaran duka a babban filin ƙwallo na Seul domin bikin rufewa, aka yi kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe. Masu son ƙwallo za su tuna da wannan fili. A nan ne Senegal ta ci Faransa 1 da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya na 2002.

Darasi ga masu tafiya da yara

Daga baya ƙungiyar sikawut ta duniya ta sa aka yi bincike, rahoton ya fito a 2024. Ya nuna shiri bai kammala ba kafin baƙi su iso, kuma ba a tantance wanda ke da alhakin kowane aiki ba. Koriya ƙasa ce mai arziki, ta ma taɓa karɓar irin wannan taro a 1991. Ashe kuɗi kaɗai ba su isa ba, sai da tsari.

Ko tafiyar ta ƙasar waje ce, ko ta zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ka'idar ɗaya ce. Kafin a tashi, wani babba ya je ya ga wurin da idonsa. Ya duba inuwa, da ruwan sha, da makewayi, da asibiti mafi kusa. A rubuta sunan kowane yaro da na mahaifinsa. A ƙirga yara wajen shiga mota, a ƙirga su wajen fita. A raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da babba mai kula da ita. A kuma tanadi wurin da za a koma in abu ya ɓaci.

Iyaye su ma suna da hakkin tambaya. Wa zai jagoranci tafiyar? Ina yara za su kwana? Yaushe za su dawo? Idan yaro yana da wata cuta ko yana shan magani, a gaya wa shugaban tafiya. Kada a ba kowa kuɗi sai da rasit.

Idan zafi ya kama yaro, alamunsa su ne jiri, da ciwon kai, da kasala, da tashin zuciya. A kai shi inuwa nan da nan. A sassauta masa tufafi, a shafa masa ruwa a jiki, a yi masa fifita. A ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A garzaya da shi asibiti.

Shugaban da ya ga haɗari ya janye yaransa bai yi abin kunya ba, ko da an yi asarar kuɗi. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa. An shirya taron 'yan sikawut na gaba a birnin Gdansk na ƙasar Foland a 2027. Allah ya kai yara lafiya, ya dawo da su ga iyayensu lafiya.