Kalmar "Recusation" da Matsalar Fassara ta a Hausar Shari'a

Daga cikin kalmomin shari'a da ke wahalar da mai fassara zuwa Hausa akwai "recusation". Asalinta daga Latin ne, daga aikatau "recusare", wato ƙi ko nuna rashin yarda. A Turancin yau an fi jin ƙanwarta "recusal", amma a Faransanci tsohuwar sigar ce ke aiki a kotuna. Saboda haka falken da ya ƙetare iyaka daga Maigatari ya shiga Nijar, in shari'a ta kama shi a can, ita zai tarar a takardun kotu.

Wahalar ta samo asali ne daga fuska biyu da kalmar take da su. Akwai mai ƙara ko wanda ake ƙara da zai tashi ya ce bai amince wannan alƙali ya saurari shari'arsa ba, don yana da dangantaka da abokin shari'a ko wani amfani a cikin hukuncin. Akwai kuma alƙalin da zai ga haka da kansa ya janye. Faransanci ya keɓe kalmar ga fuska ta farko, ya ba ta biyu wani suna dabam. Turanci ya cakuɗa su, Hausar jarida kuma ta gaji cakuɗar.

Shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 2019 ta raba fuskokin nan biyu a fili. Jam'iyyar PDP da ɗan takararta Atiku Abubakar sun nemi Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta sauka daga jagorancin alƙalai biyar masu sauraren ƙarar, saboda mijinta Adamu Bulkachuwa zaɓaɓɓen sanata ne na APC daga Bauchi ta Arewa. A ranar 22 ga Mayu 2019 kotun ta yi watsi da buƙatar, amma ita ta janye bisa dalilai na ƙashin kanta, daga baya Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba ya maye gurbinta. Ke nan a zama ɗaya fuska ta farko ta faɗi, ta biyu ta tabbata. Kalmar Hausa guda ba za ta ba da wannan labari daidai ba.

"Murabus" ba ta dace ba, domin alƙalin bai bar muƙaminsa ba. "Ƙaurace wa" tana ɗauke da fushi da bore. "Tsame hannu" ta fi kusa, sai dai tana da ƙamshin gudun laifi, kamar mai cewa ba ruwansa. Wadda ta fi tsabta ita ce "janye jiki daga shari'a" ga aikin alƙali, da "ƙin amincewa da alƙali" ga aikin mai shari'a a gabansa.

Rashin kalma ɗaya bai nuna rashin ma'anar a ƙasar Hausa ba. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, ya hana alƙali yanke hukunci don amfanin wanda ba a karɓar shaidarsa a kansa, kamar mahaifi da ɗa da mata, ya kuma hana shi hukunta maƙiyinsa. Dalilin shi ne tuhuma: ba sai an tabbatar ya karkata ba, ya isa a ce akwai abin da zai sa a zarge shi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya shar'anta kotu mai zaman kanta marar son kai. Abin lura shi ne, ma'aunin da fiƙihu ya ɗora wa alƙali aro ne daga babin shaida, kuma a can Hausa tana da tabbatacciyar kalma, wato "sukar shaida". Amma da an ce "sukar alƙali", ma'ana ta zame zuwa aibatawa.

A nan ne batun ya wuce na ƙamus. A gari irin Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta masarautar Gumel, rigingimun gado da iyakar gona da aure suna faruwa ne tsakanin mutanen da jini da auratayya suka sarƙe, kuma ba wuya ma'aikacin kotu ya zama suruki ko maƙwabcin ɗaya daga cikinsu. Bahaushe kuwa ya taso da kunyar alƙali. Manomin da bai san wani lafazi na ladabi da zai nemi a sauya masa alƙali ba yakan yi shiru, ya jira hukunci, sannan ya kama hanyar ɗaukaka ƙara da duk kuɗin mota da kwanakin noman da za ta ci. Wanda ya daure ya yi magana kuma yakan faɗe ta da siffar zargi, alƙali ya ji an taɓa mutuncinsa, alhali abin da ake nema a gare shi shi ne ya miƙa shari'ar ga wani, ba tare da an ce ya aikata laifin komai ba.