Rozmari Ba Ya Son Shanyar Rana

A tsaunukan gabashin Maroko, wajajen Jerada da Talsint, ba shuka rozmari ake yi ba. Da kansa yake tsirowa a daji, ƙungiyoyin mutanen karkara su yanko shi, su busar, a kai Turai. Asalinsa ke nan, ƙasashen gaɓar Bahar Rum, inda ƙasa ke da tsakuwa kuma ruwa ba ya kwanciya. Yau ga shi a tukwane a gidajen mutane, sai dai da yawa suna rainonsa da kyau, su zo su ɓata shi ranar shanya.

Dangin na'ana'a ne da ɗaɗɗoya. Tsinki ganye ɗaya ka juya bayansa, za ka gan shi fari-fari mai ɗan gashi. Murza shi, yatsunka su yi danƙo, ƙamshin kafur ya buge ka. Wani mai ne ke taruwa a ƙananan ƙwayoyi a fatar ganyen, cikinsa akwai kafur da sinadarin siniyol, kuma da ya ji zafi sai ya bi iska. Wannan man shi ne dukiyar, ganyen mazubi ne kawai.

Shi ya sa ake yanka da hantsi, raɓa ta bushe, rana ba ta take ba. A ɗebi kan reshe mai taushi, santimita 10 zuwa 15, kada a wuce kashi ɗaya bisa uku na shukar. Tsohon itacen ƙasa kuwa a bar shi, don in aka sare shi da wuya ya sake toho.

Mun saba baza tattasai da kuɓewa a rana, amma rozmari in aka yi masa haka zai fito a koɗe, ba ƙamshi, abin takaici. Inuwa yake so da iska. A ɗaure shi ƙananan dammuna a rataye kai ƙasa, ko a baza a faifai, mako ɗaya zuwa biyu. Da hunturu ya fi saurin bushewa, sai a yafa masa ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. Da damina a rage kaurin damin, in ba haka ba tsakiyarsa ta yi fumfuna. Mai amfani da na'urar busarwa kada ya haura digiri 40.

In ganyen ya karye ƙas a hannu, ya yi. A zage shi daga reshe, a zuba a kwalba mai murfi nesa da murhu. Kada a daka sai za a sa a tukunya. A haka yakan kai kusan shekara da ƙamshinsa.