Daga Motar Kara Zuwa Gasar Kimiyya: Kira Ga Makarantun Danchadi

Duk wanda ya ratsa lungunan Danchadi da yammaci, bayan an taso daga makarantar allo, ba zai rasa ganin yara a gindin katanga sun baje karan dawa da gwangwanin madara da tsinkakken silifas ba. A fere kara a yi jikin mota, a yanka silifas a yi taya, a lanƙwasa waya a yi sitiyari. In an tura motar ta karkace, sai a tsuguna a duba, a gano taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, a sake yankawa. Washegari wannan yaron zai zauna a aji, a cika masa allo da bayanin motsi da nauyi cikin Turanci, ya haddace don jarrabawa, ya manta bayan mako biyu. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya yi jiya a gindin katanga da abin da ke kan allo duk abu ɗaya ne.

Wannan giɓin ne kulob na kimiyya da gasanninsa suke cikewa. Aji yana ba yaro amsa kafin ya yi tambaya. Kulob kuwa yana barinsa ya yi tambayar da kansa, ya gwada, ya kuskure, ya gyara. Gasa ita ce ranar da zai tsaya gaban baƙi ya kare abin da ya gano.

Irin waɗannan gasanni ba baƙi ba ne a Najeriya. Akwai kulob ɗin JETS, wato na matasan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya, wanda aka sani a makarantun sakandare, ana fafatawa daga makaranta zuwa shiyya, zuwa jiha, har matakin ƙasa, ta hanyar kacici-kacici da baje kolin ƙirƙira. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda aka kafa a 1957, tana shirya nata. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ita ke tace ɗaliban da ke wakiltar Najeriya a gasar lissafi ta duniya, wadda aka soma a ƙasar Romaniya a 1959. Kamfanoni ma sun shigo: gasar lissafi ta Cowbell ta fara a 1998, ta koma shirin talabijin mai suna Cowbellpedia a 2015, sannan ga InterswitchSPAK da ke ba waɗanda suka yi fice tallafin karatun jami'a. Akwai kuma gasar ma'aikatar kimiyya ta tarayya da aka raɗa wa suna da lamba 774, adadin ƙananan hukumomin ƙasar nan. Ma'anar sunan a fili take: ƙaramar hukumarmu ta Boɗinga na da kujera, Shagari na da kujera, kamar yadda kowace ƙaramar hukuma a Legas ke da ita. Abin tambaya shi ne, wa muke turawa ya zauna a kai?

Da an tayar da wannan magana, amsar da ake ji ita ce: ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba wuta, ba kayan aiki. Gaskiya ne, kuma hakki ne a kan hukuma ta samar. Amma kafin mu naɗe hannu, mu tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya saka cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kayan miya su yi sanyi. Tumatir da yalon da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su kai makonni. Wannan dabara ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba lantarki, ba inji. Hikimar randar da ke kowane tsakar gida ce ya tsaya ya lura da ita, ya gwada, ya auna, ya yaɗa.

To, ƙasarmu ta Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kuma iska ke bushe, ita ce inda wannan dabarar ta fi aiki. Ɗalibai huɗu da ma'aunin zafi guda za su iya yin bincike na gaske a kanta. Su haɗa randa uku: ɗaya da yashi mai laushi, ɗaya da mai tsakuwa, ɗaya da garin gawayi a gauraye. Su auna zafin cikin kowace da hantsi, da azahar, da la'asar, har tsawon mako biyu, suna rubutawa. Su sake gwajin da damina, su ga yadda laimar iska ke rage sanyin. Wanda ya zo da wannan littafin awo gaban alƙalan gasa ya fi wanda ya zo da kwalliyar kwali mai fitilu wadda babu tambayar da take amsawa.

Haka batun albasa. Kowane manomin fadama ya san takaicin zuba albasa a rudu, a buɗe bayan watanni a tarar kashi mai yawa ya ruɓe ko ya tsira. Yara za su iya gina ƙananan rudu biyu a bayan aji, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan dandamali mai barin iska ta ratsa ta ƙarƙashi, a zuba albasa daidai wa daida, a riƙa aunawa a sikeli duk ranar Asabar, ana ƙirga ruɓaɓɓu. Lissafin kashi cikin ɗari da ke ba su wuya a aji, a nan zai zauna musu daram, domin kuɗin mahaifinsu ake lissafawa.

Ƙasar da muke takawa ma littafi ce. Masana sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki. Shi ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, cike da ɓawon halittun ruwa. A ƙasar Dange, maƙwabciyar Boɗinga, ana tsintar haƙoran kifayen teku a cikin duwatsu. Wata dabbar ruwa ta wancan zamani da aka haƙo ƙasusuwanta a yankin Goronyo, sunan garin aka sa mata a littattafan duniya: Goronyosaurus. Turawa sun baro Italiya sun zo neman waɗannan ƙasusuwa, amma yaro nawa ne a Danchadi aka taɓa kai shi yawon ilimi na yini ɗaya ya tsinci irinsu da hannunsa?

Sama kuma kyauta ce. Inda babu hasken lantarki da yawa, taurari sun fi fitowa. Tsofaffinmu sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki, sun san taurarin da ke nuna ƙaratowar shuka. Malaman zaure kuma da inuwar sanda suke gane zawali da shigar la'asar. Da wannan sandar ce ɗalibi zai auna tsawon hasumiyar masallaci ba tare da ya hau ba, ta hanyar kwatanta inuwarta da inuwar sandar. Kulob ɗin da ya gayyaci limami ko tsohon manomi ya zo ya yi bayani ya samu malami na biyu ba da ko kwabo ba, kuma ya kawar da zargin cewa kimiyya kayan baƙi ce. Ai Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, da Boɗinga, mazaunin ƙaninsa Malam Abdullahi, duk a nan suke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan lissafin hatimi da masana tarihin lissafi ke nazari har yau. Na kusa-kusa kuma, Alhaji Shehu Shagari malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato tun kafin ya shiga siyasa, har ya zama shugaban ƙasa a 1979. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a Sakkwato ya tashi yana zane-zanen motoci, ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garin. Gado ne, ba aro ba.

Sai dai akwai ramuka uku da ya kamata a kauce musu. Na farko, malami ya ƙera abu da hannunsa, ko a saya wurin mai walda, a ɗora wa yaro ya je ya karanto bayani. Alƙali mai ido da tambaya biyu zai gano, kuma ko ba a gano ba, an koya wa yaro ha'inci. Na biyu, a mayar da kulob na yara uku masu ƙoƙari, a riƙa yi musu haddar tambayoyin baya don kacici-kacici kawai. Sau da yawa wanda ke zaune a bencin ƙarshe, mai gyara tocila da rediyon unguwa, shi ne gwanin hannu. Na uku, a bar 'yan mata a baya. A 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onica sun ci zinare a gasar Technovation a Amurka da manhajar gano jabun magani. 'Yar Danchadi da ke shan hayaƙin murhu kullum ta fi kowa sanin inda murhun ke ɓarnar itace, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta daɗe tana aiki a kan ingantaccen murhu da girki da busar da amfanin gona da hasken rana, tana nan cikin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba.

Fara kulob ba ya buƙatar kwangila. Malami ɗaya mai sha'awa, awa ɗaya a mako bayan tashi, inuwar bishiya, littafin rubutu mai kauri, ma'aunin zafi, sikeli da tef na awo. Dokar kulob guda ce: duk abin da aka gwada a rubuta, har wanda bai yi ba. Shugaban makaranta ya riƙa bibiyar sanarwar gasanni a ofishin ilimi na shiyya, domin yawancin rajista yanzu ta intanet ake yi, kuma sau da yawa labari kan iso ƙauye bayan an rufe. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta su ware kuɗin mota tun farkon zango. 'Yan asalin garin da ke aiki a birni kuwa, ma'aunin zafi goma da kyautar littattafai ba za su gagare su ba.

Kuma ba sai an jira Abuja ba. Makarantun Danchadi da Sifawa da Boɗinga da Shagari za su iya sa rana guda a shekara, bayan an kwashe amfanin gona, su baje kolin aikin yaransu a fili, a gayyaci hakimi da manoma da maƙera da mata masu sana'a su zama 'yan kallo, wasunsu ma alƙalai. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ya kai uba, in ka tarar da ɗanka ya kwance tsohuwar tocila yana leƙen cikinta, kada ka fara da tsawa. Tambaye shi abin da ya gani, ka saya masa littafi ya rubuta, sannan ka kama hannunsa ka kai shi wurin malamin kimiyya.