Wazirin da Ya Ƙi Rantsuwa

A Arlington, hayin kogin Potomac daga birnin Washinton, babbar majami'ar Katolika tana ɗauke da sunan Thomas More, wazirin Sarkin Ingila Henry na Takwas, wanda aka fille wa kai a Landan ranar 6 ga Yuli, 1535. A shekarar 2000 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi waliyyin 'yan siyasa. Ni dai ta fim na san mutumin, kuma a Washinton, garin da kowane mai muƙami sai ya ɗaga hannu ya rantse, fim ɗin bai taɓa barin raina ba.

Sunansa A Man for All Seasons, ya fito a 1966. Robert Bolt ya fara rubuta shi don rediyon BBC a 1954, ya mai da shi wasan dandamali a Landan a 1960, sannan Fred Zinnemann ya ba da umarnin fim ɗin. Ya ci lambar Oscar shida, har da ta Paul Scofield, wanda tun a dandamali shi ne More. Mu ma mun san wannan hanya: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ratsa dandamali ta hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976.

Sarki na son rabuwa da Catherine ya auri Anne Boleyn, Paparoman lokacin ya hana, sai sarkin ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila, aka ce manya su rantse. More lauya ne. Bai zagi sarki ba, bai tara jama'a ba. Ya ajiye muƙami a 1532, ya kama bakinsa, yana ganin doka ba ta kashe mutum kan shiru. Ko matarsa Alice bai faɗa wa dalilinsa ba, don kada a rantsar da ita a kansa. Wurin da ta ziyarce shi a kurkuku tana faɗa, ta ce ba ta gane ba, sannan ta rungume shi, nan ne hawaye ke zubo mini.

Akwai abin da kyamara ta iya wanda dandamali bai iya ba. Sarki, wato Robert Shaw, ya diro daga jirgin ruwa ya nutse cikin taɓo. Fadawa suka yi tsit suna kallon fuskarsa. Da ya ƙyalƙyale da dariya, sai kowa ya bi, suna tsalle cikin laka da tufafinsu masu tsada. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san mutanen nan.

Gaskiya, Bolt ya wanke More fiye da kima. Lokacin wazircin More an ƙona mutane kan saɓanin aƙida, fim ɗin bai nuna ba, kuma ina ganin ya kamata mai kallo ya sani.

Da shiru ya gagara hukunci, sai aka nemo shaidar zur. Richard Rich, yaron da More ya taɓa ba shawarar ya zama malamin makaranta, shi ya rantse a kotu, sarƙar sabon muƙaminsa na Wales a wuyansa. John Hurt ya fito a Rich, yana magana yana kau da ido. Rich na ainihi ya hau kujerar More a 1547, ya rayu har 1567.