Gawa a Bakin Iyaka: Abin da Kimiyya da Doka Suka Ce Game da Takardun Mamaci

Hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Maraɗi tana ƙetare iyakar Nijeriya da Nijar ne a Magama ta ƙaramar hukumar Jibiya, daga nan ta faɗa Ɗan Isa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka ta yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, amma mutanen da ta raba dangin juna ne. Zuriyar sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadi su ne suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. Auratayya da fatauci da neman magani suna kai mutane wancan ƙetare suna dawo da su. Ajali kuwa ba ya duba taswira. Alal misali, falke daga Madarunfa yana iya rasuwa a asibiti a Katsina, danginsa su so a rufe shi a gida. A nan ne abubuwa biyu suke haɗuwa: jikin da ya riga ya fara sauyawa, da kuma dokokin ƙasashe biyu da suke neman takarda kafin ya wuce.

Abin da ke Faruwa da Jiki Bayan Rasuwa

Da zarar zuciya ta tsaya, jini ya daina kai iskar oksijin ga ƙwayoyin halittar jiki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke fara lalacewa, cikin 'yan mintoci kaɗan. Jinin da ya daina zagayawa sai ya gangara ya kwanta a sassan jikin da ke ƙasa, fatar wurin ta sauya launi. Daga nan tsoka ta fara sandarewa. Dalili shi ne, tsoka tana bukatar wani sinadari mai suna ATP kafin ta saki bayan ta ɗame, kuma jikin da ba ya numfashi ba ya iya sarrafa shi. Sandarewar takan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 6, ta game jiki a wajen awa 12, sannan ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu.

A daidai wannan lokaci wasu abubuwa biyu suna gudana a ciki. Na farko, sinadaran narkar da abinci da ke cikin ƙwayoyin halitta sukan ɓalle su shiga narkar da jikin da kansa. Na biyu, bakteriyar da ke zaune a hanji tun mutum yana da rai sukan bazu, suna fitar da iska mai wari wadda ke kumbura ciki. Zafi ne ke ba su ƙarfi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina da Maraɗi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, abin da zai ɗauki kwanaki a ƙasar sanyi yana iya bayyana cikin yini guda. Saboda haka ne ake riƙe firjin ɗakin ajiye gawa a tsakanin digiri 2 zuwa 4. Sanyin ba ya tsayar da ruɓewa, yana rage mata gudu ne kawai.

Ke nan, koyarwar Musulunci ta gaggauta yi wa mamaci sutura ta dace da yanayin wannan ƙasa ƙwarai. Sai dai gaggawar tana da wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba. Alamomin da likita zai duba ya gane abin da ya kashe mutum suna gushewa tare da jikin. Abin da ba a rubuta ba a ranar, da wuya a same shi daga baya.

Takardu Uku da Ake Ɗauka Ɗaya Ne

Jama'a da yawa sukan ce "takardar mutuwa" kamar guda ɗaya ce, alhali kuwa uku ne, kowace da mai bayar da ita.

Ta farko ita ce shaidar likita. Likitan da ya duba marar lafiyan ne yake cika ta, ya faɗi lokacin rasuwa da sanadinta. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa bai yarda a rubuta "zuciya ta tsaya" kurum ba, domin kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Ana so a jero cututtukan daki-daki har a kai ga tushe. Idan zubar jini a ƙwaƙwalwa ne ya kashe mutum, hawan jini kuma ya jawo zubar jinin, to hawan jini ne tushen da za a rubuta.

Ta biyu ita ce takardar rajista. A Nijeriya, Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta yin rajistar kowace haihuwa da kowace mutuwa, kuma Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce take da wannan alhaki. Ba lallai sai wanda ya rasu a asibiti ake yi wa rajista ba. Wanda ya cika a gida ma danginsa ne za su kai rahoto. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, ofishin magajin gari ne yake bayar da takardar, bisa dokar rajistar al'amuran jama'a da aka sabunta a 2019. Wanda ya bari wa'adi ya wuce a can, sai ya bi ta kotu alƙali ya tabbatar da rasuwar.

Ta uku ita ce izinin binnewa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa maƙabartu da kula da su. A ƙauyuka ana rufe mamaci da sanin liman da mai unguwa ba tare da wata takarda ba, kuma babu mai jayayya. Amma idan mutuwar ta zo da ayar tambaya, kamar haɗarin mota, ko harbi, ko guba, ko gawar da aka tsinta, to lamarin ya fita daga hannun dangi. Dole 'yan sanda su sani, kuma alƙalin da ke binciken mutuwa yana da ikon ba da umurnin likita ya binciki gawar kafin a sake ta.

Me Ya Sa Ake Tsayar da Gawa a Iyaka?

A bakin iyakar Jibiya akwai jami'an kwastam, da na shige da fice, da 'yan sanda, da kuma jami'an lafiya na iyakoki. A ɓangaren Nijar akwai 'yan duwan da jandarmomi da 'yan sanda. Tambayoyin da ake yi game da gawa guda uku ne: wane ne wannan, me ya kashe shi, kuma akwai haɗari ga masu rai? Tsarin ya daɗe a duniya. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Balin a 1937 ta tanadi wata takardar izinin wucewa ta musamman ga gawa, mai ɗauke da sunan mamaci da shekarunsa da wuri da rana da sanadin rasuwarsa, kuma ƙasashe da yawa sun ari wannan fasali. Har ila yau, Ƙa'idojin Lafiya na Duniya na 2005 sun sanya mashigan ƙasa cikin wuraren da ake sa ido a kan cututtuka, kamar filayen jiragen sama da tashoshin ruwa.

Ya kamata ɗalibi ya san cewa yawancin gawawwaki ba su da haɗari ga jama'a. Wanda ciwon suga ko haɗarin mota ya kashe ba zai harbi kowa ba. Amma akwai cututtukan da ƙwayoyinsu ke nan da ƙarfinsu a cikin jini da ruwan jiki bayan rasuwa, irin su kwalara, da zazzaɓin Lassa wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Barno a 1969, da Ebola. A annobar Ebola da ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya a 2014, wankan gawa da taɓa ta a wajen jana'iza suna cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi ta yaɗu. Jami'in lafiya da ke bakin iyaka ba zai iya gane irin wannan gawa da ido ba. Shaidar likita ce kaɗai za ta gaya masa.

Wani lokaci kuma ƙofar ce gaba ɗaya take rufe. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. Idan aka bi ta ɓarauniyar hanya da gawa, mamacin yakan faɗa tsakanin littattafai biyu: ba a rubuta shi a inda ya rasu ba, ba a rubuta shi a inda aka rufe shi ba. Wahalar takan bayyana ne bayan watanni, sa'ad da matarsa ta je banki, ko ofishin fansho, ko kotun rabon gado, aka ce ta kawo shaidar cewa mijinta ya rasu.

Amfanin Rajista ga Al'umma

Ƙiyasi ya nuna kusan mutuwa ɗaya ce kacal cikin goma ake yi wa rajista a Nijeriya. An ga illar wannan a Kano a watan Afrilu 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita farat ɗaya. Masu haƙan kabari ne suka fara ankarar da jama'a, domin babu wani cikakken littafi da za a duba a kwatanta bana da bara. Sai da gwamnati ta tura ma'aikata gida-gida suna tambayar iyalai irin alamomin da mamatan suka nuna kafin su cika. A watan Yuni na shekarar, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen suna iya kasancewa da alaƙa da cutar korona. Tazarar da ke tsakanin 50 da 60 ɗin nan, rashin rubutu ne ya haifar da ita.

A Landan kuwa, a 1854, likita John Snow ya ɗauki adireshin waɗanda kwalara ta kashe daga ofishin rajista, sai ya ga sun kewaye famfon ruwa guda ɗaya. Aka cire hannun famfon. A yanki irin na Katsina da Maraɗi, inda sanƙarau da kwalara ba sa tsayawa a shingen kwastam, irin wannan rubutu ne zai nuna wa hukumomin ƙasashen biyu inda cuta ta ɓulla.

Gawar da Ake Koyon Likitanci da Ita

Kowane ɗalibin likitanci, a Zariya ko Kano ko Sakkwato, yakan fara sanin ƙirar jikin ɗan Adam ne ta hanyar feɗe gawar da aka adana da sinadarin fomalin, wanda ke daskarar da furotin ya kashe bakteriya. Daga ina gawar take zuwa? Tambayar tana da tarihi mai ɗaci. A 1828, a birnin Edinbara, wasu mutum biyu, William Burke da William Hare, sun kashe mutum 16 suka sayar da gawawwakinsu ga wani malamin ilimin ƙirar jiki. Wannan ta'asa tana cikin abubuwan da suka sa Ingila ta kafa doka a 1832, wadda Nijeriya ta samo tata ta 1933 daga gare ta. Dokar ta ba makarantu masu lasisi damar karɓar gawar da babu wanda ya zo nema.

Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa mafi yawan gawawwakin da ke makarantun likitanci na Nijeriya na waɗanda aka harbe ne bisa zargin aikata laifi, saura kuma waɗanda ba a san danginsu ba. A nan ne batun ya komo kan iyaka. Ɗan cirani daga Nijar da ya rasu a haɗari a hanyar Kano ba tare da katin shaida a aljihunsa ba, yana iya shiga sahun waɗanda ba a nema ba, alhali a ƙauyensu ana nan ana jiran dawowarsa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta buɗe wata hanya mai tsabta. Duk wanda ya isa yin wasiyya yana iya bayar da jikinsa ko wata gaɓa tasa bayan rasuwa, ta hanyar wasiyya ko takardar da ya sa wa hannu a gaban shaidu biyu, domin koyarwa ko bincike ko magani. Yana da ikon janye kyautar kafin ya rasu, kuma dokar ta haramta cinikin sassan jiki. Malaman Musulunci ma sun tattauna lamarin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci a dasa wa mai rai idan shi ko magadansa sun yarda, da sharaɗin ba sayarwa aka yi ba. Akwai malaman da suka saɓa, kuma har yanzu bayar da gawa kyauta baƙon abu ne a ƙasar Hausa.

Kammalawa

 Abin da ba ya jira shi ne shaidar likita, don haka a karɓe ta kafin a fita da mamaci daga asibiti. Idan za a ƙetare iyaka da shi, a haɗa da katin shaidarsa, da rahoton 'yan sanda idan haɗari ne, a kuma gabatar da su ga jami'an lafiya na iyaka. Bayan an share makoki, wani daga cikin dangi ya je ofishin rajista da wuri. Matafiyi kuma ya riƙa ɗaukar katin shaida da lambar wayar wani nasa. Malaman makarantun sakandare suna iya sa ɗalibansu su binciko inda ofishin rajistar haihuwa da mutuwa yake a ƙaramar hukumarsu, su kuma tambayi mutuwa nawa aka rubuta a shekarar da ta gabata, su kwatanta da abin da masu kula da maƙabartar garin suka sani. Bambancin da za su samu zai nuna musu girman aikin da ke gaba.