Digirin farko a fannin tsaron cikin gida da leƙen asiri a Najeriya

Digirin farko a fannin tsaron cikin gida da leƙen asiri karatun jami'a ne da ke koyar da dalilan aikata laifuka, hanyoyin tattara bayanan sirri da tantance su, da dokokin aikin jami'an tsaro. Fannin ya bunƙasa a Amurka bayan harin 11 ga Satumban 2001 da kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a 2002. A Najeriya yawancin jami'o'i suna kiransa nazarin laifuka da tsaro.

Inda ake karantarwa

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce jami'o'in farar hula, inda ake shiga ta jarabawar JAMB da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a yi shekara huɗu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, suna ba da digirin nazarin laifuka da tsaro, Jami'ar Afe Babalola da ke Ado-Ekiti kuma tana da digirin leƙen asiri da tsaro.

Ta biyu ita ce makarantun masu kayan sarki. Makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta fara karatun digiri a 1985. Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano ta samu matsayin jami'a a 2012. Ɗalibanta suna shekara biyar, su fito da digiri da muƙamin ASP.

Bambancin yana da muhimmanci, kuma ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Wanda ya gama NDA ko Wudil ya riga ya zama jami'i. Wanda ya gama jami'ar farar hula kuwa takarda kawai ya riƙe: sai ya yi bautar ƙasa, ya jira ɗaukar ma'aikata kamar mai kowane digiri. Hukumomin leƙen asiri uku, wato DSS da NIA da DIA, waɗanda dokar soja ta 1986 ta kafa bayan rushe NSO, su ke horar da mutanensu da kansu.

Dangantaka da yankin Zugu

Abin da ake nazari a aji, mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Zamfara sun daɗe suna ganinsa a zahiri: satar shanu, garkuwa da mutane don kuɗin fansa, da matsalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda ake kira infoma. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda zargin alaƙarsa da ta'addanci, a Satumban 2021 aka katse layukan waya, a farkon Janairun 2022 kuma 'yan bindiga suka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara.

Ɗan yankin da ya san daji da harshe da mutane yana da abin da aikin tattara bayanai ke buƙata, amma nisa da hatsarin hanya sukan hana shi karatu. Saboda haka cibiyar NOUN da ke Gusau ta fi sauƙi ga masu aiki, tunda yawancin darussanta ta intanet ake bin su.